Daga Nima Zuwa Kano A Dare Ɗaya: Fashin Baƙi Kan Zaman Waƙa Ta Intanet

Daren Asabar, idan an sauko daga sallar isha'i, akwai wata rumfa da nake zuwa a Nima, unguwar Zango a birnin Accra na ƙasar Ghana. Benci biyu ne da kurfoti, butar ataya tana tafasa a kai. Ana jingina waya da gwangwanin sukari, a jona mata batirin ko-ta-kwana saboda ba a san sa'ar da wuta za ta ɗauke ba, sai mu matso kamar masu jin ɗumi. Daga cikin wayar muryar mai gabatarwa take fitowa, shi kuwa yana Kano: "Malam, buɗe makirfonka, ba ma jin ka." Sai wani ya yi gyaran murya a Damagaram, ya yi sallama, ya shiga rera baitocinsa. Idan ya sauke a kira wata baiwar Allah daga Kaduna, bayanta wani ɗan Zango mai tuƙin tasi a unguwar Bronx ta Amurka, wanda ya tsayar da mota a gefen hanya don kada layinsa ya wuce. Can sai ka ji an ce, "Mutanen Ghana, bismillah."

Dattawa da yawa sun tambaye ni me muke yi a nan har dare ya raba. Wasu suna ɗauka hira ce irin ta samari. Ni kuwa ina ganin wani abu ne ke faruwa da Hausar ƙasar nan wanda bai taɓa faruwa ba tun da aka fara buga littattafai da boko, shi ya sa nake so in warware shi dalla-dalla.

Tsarin ba shi da wuya. Ana sanar da rana da lokaci a zauren WhatsApp ko a Facebook. Duk mai waƙa ya rubuta sunansa, a jera su, kowa a ba shi minti 3 zuwa 5. Ba a tambayarka takardar makaranta, ba a tambayar ko ka taɓa buga littafi. Wannan shi ne buɗaɗɗen fage: makirfo na kowa ne. Wani lokaci kuma akan gayyato mawaƙi ɗaya fitacce ya karanta ayyukansa a yi masa tambayoyi, sannan a buɗe wa saura. Salon ya yi suna ne a gidajen shan shayi da kulob-kulob na Amurka, kuma a shekarun 1980 wani mai suna Marc Smith ya ƙara masa gasa a birnin Chicago, inda 'yan kallo suke ba da maki. Nan Accra, wadda tsofaffinmu suke kira Ankara, ba baƙuwar abin ba ce. Ƙungiyar Ehalakasa tana tara mawaƙan baka tun wajen 2007. Ƙungiyar marubutan Afirka ta PAWA tana da mazauninta a garin nan tun 1989, kuma marigayi Atukwei Okai, wanda ya riƙe sakatariyarta har rasuwarsa a 2018, shi kansa gwanin karanta waƙa ne a gaban jama'a. Bikin adabi na Pa Gya yana gudana tun 2017. Na halarci irin waɗannan taruka, na ji Turanci da Twi da Ga da Ewe da Burokin. Hausa kuwa da wuya ka ji ta, alhali tsakanin Nima da wasu daga cikin wuraren nan tafiyar tirotiro ɗaya ce, wato ƙaramar motar haya.

Ba rashin mawaƙa ne ya jawo haka ba. Yaron da ya tashi a Zango ya san tsayawa gaban jama'a ya rera baiti tun kafin ya san inda Chicago take. A makaranta ake koya mana. Ranar Mauludi ko walimar sauka ana miƙa wa ɗan shekara 8 makirfo ya zuba ƙasida, iyaye mata suna liƙa masa kuɗi a goshi. Ishiriniya tana tashi a lungunanmu da dare. Idan aka koma baya kuma, ƙasar nan tana da nata babban marubucin waƙar Hausa, wato Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya biyo hanyar fataken goro zuwa Salaga. Bayan yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892 ya koma Kete-Krachi, ya zauna yana koyarwa yana rubutu da Larabci da ajami har ya rasu a 1934. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, ya yi a kan talauci da wadata, kuma almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan da kwafin waƙoƙin a jakunkunansu. Hanyar da goro yake bi ya tafi Kano, ita waƙa take bi ta zo Gwanja.

To me ya yanke wannan igiya? Abubuwa da yawa ne, amma mafi girma a ganina shi ne boko. A Najeriya an daidaita rubutun Hausa da haruffan Turawa, aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka shigar da harshen makarantu tun daga firamare har jami'a. A Nijar ma ana karantar da shi. A Ghana ba haka aka yi ba. Harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu sun haɗa da Twi da Fante da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja da Nzema da wasu kaɗan, amma babu Hausa a cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da ita. Saboda haka ɗan Zango yana tashi da Hausa a baki, Larabci a allo, Turanci a littafi. Ka ba shi waƙar Hausa a rubuce da boko, sai ka ga yana tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ, haruffan da bai taɓa gani a aji ba. Ka ce ya rubuta tasa, sai ya rubuta da ƙa'idar Turanci ko ta Twi, kamar yadda "wake" ya zama waakye a jikin allunan masu sayar da abinci. Duk gasar rubutu da duk mujallar da ake yi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ta takarda ake shigarta, mu kuwa a nan ne ƙafarmu take da rauni.

Zaman waƙa ta intanet ya kauce wa wannan shinge, domin da murya ake shigarsa. Wanda bai iya sa wa harafi ƙugiya ba ya iya rera baiti, kuma kunnen da ke Maraɗi zai ji shi sarai. Wannan shi ne ginshiƙin maganata, sauran duk rassa ne.

Annobar korona ce ta tura mu ciki. An samu masu cutar na farko a Ghana ranar 12 ga Maris 2020, kuma daga 30 ga watan aka kulle Accra da Kumasi na tsawon mako uku. Iyakokin ƙasa da aka rufe a wannan watan ba a sake buɗe su ba sai ƙarshen Maris 2022, shekara biyu cur. Kafin nan ma Najeriya ta rufe nata iyakokin tun Agustan 2019. Wanda ya san hanyar Accra zuwa Legas ya san ko a lokacin lafiya sai ka tsallake iyaka uku, ta Aflao da ta Hilakonji da ta Seme, kafin ka fara tunanin motar Kano. Da hanya ta toshe gaba ɗaya, manyan bukukuwan adabi irin su Ake suka koma intanet a 2020, ƙananan ƙungiyoyi suka bi sahu da abin da ya sauƙaƙa. Da annoba ta lafa an koma zauruka, amma mu na nesa ba mu saki wayar ba, domin mu dama ba mu da zauren da za mu koma.

Wanda bai taɓa shirya irin wannan zama ba zai ɗauka danna maɓalli ne kawai. Fara da lokaci. Ƙarfe 8 na dare a Accra ƙarfe 9 ne a Kano da Yamai, 10 a Khartum, 11 a Jidda, a New York kuwa da sauran rana, ƙarfe 3 ko 4 gwargwadon yanayin shekara. Dole a tsallake magariba da isha'i na kowane ɓangare, kuma a tuna da matar aure da ke da yara masu makaranta. Shi ya sa mafi yawan zaman suke faɗawa bayan isha'in Ghana, duk da cewa na gabas sun fara hamma. Da azumi sai a matsar zuwa bayan asham.

Sai kuɗin data. Bidiyo yana cin data kamar wuta a busasshiyar ciyawa, murya kuwa kaɗan take sha. Wannan ne ya sa zaman namu ya fi yawa a inda ake jin murya kaɗai, irin ɗakunan hira na X da na Telegram, ko kuma a rufe kyamara a Zoom. Shi kuma Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40, sau da yawa ana tsakiyar baiti, sai kowa ya sake shiga, kuma ba duk wanda ya fita ne yake dawowa ba. Akwai ma hanyar da ta fi kowace araha, kuma ita tsofaffi suka fi so: kowa ya naɗi waƙarsa a saƙon murya ya tura zaure a cikin sa'ar da aka tsayar, a saurara, a mayar da sharhi shi ma da murya. Ba ta da armashin kai-tsaye, amma wanda layinsa yake rawa a ƙauye yana samun shiga.

Akwai wata matsala da ta shafi waƙar Hausa musamman, ita ce ta amshi. Rubutacciyar waƙarmu ba karanta ta ake yi kamar wasiƙa ba, rera ta ake yi da kari, kuma sau da yawa akwai baitin da jama'a suke karɓawa. Daɗinta yana cikin wannan miƙa-da-karɓa. Intanet kuwa ba ta kai murya ga kowa a lokaci guda. Na Kumasi zai ji ƙarshen ɗango kafin na Agadas, na Landan ya ji nasa daban, tazarar ba ta kai daƙiƙa ba amma ta isa ta wargaza kari. Ga shi kuma an gina manhajojin ne don taron ofis, inda mutum ɗaya ke magana: suna ɗaga murya ɗaya su danne saura, har sukan ɗauki tafi ko kiɗa a matsayin hayaniya su share. Ranar da muka fara gwada amshi mu fiye da goma daga garuruwa daban-daban, abin da ya fito bai yi kama da waƙa ba, mai rerawa ya tsaya cak. Maganin da muka samo shi ne wanda ya mayar da mu rumfar ataya: mai waƙa ya zauna da 'yan amshinsa biyu ko uku a wuri ɗaya, waya ɗaya ta ɗauke su gaba ɗaya, sauran duniya su rufe makirfo su saurara. Wato dai ko a intanet sai da gwiwa ta gogi gwiwa kafin amshi ya tashi. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin na ji tsoron abin zai raba samarinmu kowa da wayarsa a ɗaki, sai ga shi ya tara su.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Da murya ta tsallake iyaka, sai ta tafi da karin harshenta. Hausarmu ta Zango, wadda masana suke kira Gananci, ta yi shekara fiye da ɗari tana zaune da Twi da Ga da Dagbani da Zabarmanci da Kotokoli, kuma da yawa daga masu magana da ita ba Hausawa ba ne a asali, harshen unguwa ne ya zama nasu. A bakin mafi yawanmu babu bambancin namiji da mace, "ya zo" ake ce wa yaro, "ya zo" ake ce wa yarinya. Ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. "Kyau" kan fito kamar "cau". A takarda edita zai goge duk wannan kafin kowa ya gani. A makirfo babu mai gogewa.

Na ga abin da hakan yake haifarwa. Wani ƙanena a unguwa, tela ne, ya yi marsiyya ga mutanen da ambaliya da gobarar gidan mai suka hallaka a Circle, babbar mahaɗar hanyoyi a Accra, ranar 3 ga Yuni 2015, daren da aka rasa rayuka fiye da 150. Ya san wasu daga cikinsu. Ya gina waƙar a kan amsa-amon "ki", ya haɗa "baki" da "baƙi" da "aiki" da "ɗoki", domin a kunnensa duk sautinsu ɗaya ne. Da ya gama, kafin kowa ya ce uffan a kan mamatan, wani daga cikin masu sauraro ya fara lissafa masa kurakurai: wannan ƙafiya ta karye, nan ka ce wa mace "ya", nan ba haka ake faɗa ba. Ina kallon yaron, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya miƙe ya koma shago. Sai da muka yi wata biyu muna lallashinsa kafin ya sake karɓar makirfo.

Ba na cewa mai gyaran ya yi ƙarya. A ma'aunin daidaitacciyar Hausa, "ki" da "ƙi" ba ɗaya ba ne, kuma waƙa tana da ƙa'ida, wanda ya raina kari da amsa-amo ba zai yi nisa ba. Mu ma muna son koyo, kuma muna koyo. Na san 'yan Nima da Mamobi da suka fara sanin bambancin ƙwar biyu da ƙwar biyar, da yadda ake tahamisi, a bakin malaman da suke shigowa zaman nan daga jami'o'in Najeriya da Nijar ba tare da sun karɓi ko sisi ba. Allah ya saka musu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki karin harshe a matsayin jahilci. Basakkwace yana cewa "shina" da "ɗiya", Ba'are da Bagobiri kowa da nasa, kuma manyan makaɗan da duniyar Hausa take taƙama da su da yawansu da Hausar yamma suka yi waƙa, babu wanda ya ce su koma su gyara. Tela da ya haɗa "baki" da "baƙi" bai karya ƙafiya a harshen da ya sha a nono ba. Idan zai buga waƙar don a karanta a ajin Kano, sai a zauna da shi a duba. Idan kuwa yana makokin maƙwabtansa ne da muryarsa, a bar shi ya gama kuka tukuna.

Mu ma muna da namu laifin. Wasu daga cikinmu, saboda kunya, suna aron bakin da ba nasu ba. Sai ka ji ɗan Sabon Zango yana waƙar gero da dawa da kaɗe-kaɗen fada, abubuwan da bai taɓa gani ba sai a fim, ya bar babbar kwatar Nima da ke bayan gidansu, ya bar 'yan kayaye masu kwana a bakin shaguna, ya bar ɗan uwansa da ya bi sahara ya nufi Libiya aka daina jin ɗuriyarsa. Alhali waɗannan ne na Kano bai sani ba, kuma su yake marmarin ji. Ko sunan kayaye ɗin ma rabinsa namu ne, "kaya" na Hausa da "yei" na Ga, wato mata. Na lura duk daren da ɗan Ghana ya yi waƙar da ƙamshin Zango yake tashi a cikinta, tambayoyi ba sa ƙarewa: mene ne tuwon zafi, me ya sa kuke ce wa zoɓo sobolo, da gaske ne akwai Sarkin Zango a Kumasi ƙarƙashin inuwar Asantehene, sarkin Asante?

Wani dare wata 'yar Kumasi ta rera waƙa tana ambaton unguwanninsu, Aboabo da Asawase da Alaba. Da ta sauke sai wani dattijo ya nemi izini daga Zariya, muryarsa tana rawa. Ya ce mahaifiyarsa a Aboabo aka haife ta, sun bar ƙasar ne a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, kuma har ta rasu tana ambaton sunan unguwar, shi kuwa bai taɓa jin wani ya faɗe shi ba sai yau. Yarinyar ta ce, "Baba, gidan wa?" Aka bar waƙa aka shiga lissafin dangi. Irin wannan tsaga tana da yawa tsakaninmu: ta 1969, da ta 1983 lokacin da Najeriya ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Ga kuma ta kwanan nan, tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, har ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025. A watannin da aka rufe iyaka tsakanin Najeriya da Nijar aka kuma yanke wa Nijar wutar lantarki, mawaƙan Maraɗi da na Katsina suna haɗuwa a fage ɗaya, mu na Ghana muna tsakiya muna saurare, idan caji ya bar su.

Mata sun fi kowa cin moriyar wannan tsari. Budurwa ko matar aure da ba za ta fita taron dare a unguwar Osu ta Accra ba tana iya rera waƙarta daga ɗaki, kyamara a rufe, kuma a wasu darare sun fi maza yawa a jerin. Ba sabon abu ba ne a tarihinmu: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar jajis ɗinta, wato mata jagororin ƙungiyarta ta 'Yan Taru, take aika waƙoƙi ƙauyuka, mata su haddace su koyar da mata. Amma akwai ɓarna da dole a faɗa. Zauren WhatsApp yana nuna lambar kowa, kuma akwai marasa kunya da suke kwasar lambobin mata su bi su da saƙonni cikin dare. Na san waɗanda suka daina zuwa saboda haka. Duk mai shirya zama da bai tanadi hukuncin kora ga irin waɗannan ba, shi ma yana da kaso a laifin.

Kuɗi kuwa babu. Mai gabatarwa da datarsa yake yi, mawaƙi ma haka. Ko an so a yi wa wanda ya burge kari, ga sidi ga naira ga sefa, MoMo, kuɗin waya da muke biyan mai koko da shi, ba ya isa asusun ɗan Gusau kai-tsaye, sai an nemi ɗan kasuwa mai hulɗa da ɓangarorin biyu. Littafin da aka buga a Kano kuɗin kawo shi Accra yakan fi kuɗinsa. Ban ga alamar wannan zai sauya da wuri ba.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne adanawa. Waƙoƙin Alhaji Umaru sun kai gare mu ne saboda an rubuta su, almajirai sun kwafa, sannan a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gari-gari tana tattara kwafin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Namu fa? Tun Fabrairun 2025 Facebook ya fara goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30 idan ba a sauke shi ba. Saƙon murya yana tafiya da wayar da ta faɗa ruwa. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, duk wanda ya gina fagensa a can ya ga yadda ake rushe shi a dare ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, muna farkon azumi, wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana ta yi kwanaki tana lalube. Mako guda bayan nan ne Ranar Waƙa ta Duniya, 21 ga Maris, wadda UNESCO ta tsayar tun 1999, kuma mun yi shirinta muna ɗar-ɗar ko layi zai ɗauke mu. Rashin ajiya yana buɗe ƙofar sata ma: ka rera sabuwar waƙa yau, jibi ka gan ta a shafin wani da sunansa a ƙasa, ba ka da shaidar da za ka nuna.

Saboda haka muka sayi babban littafi mai bango mai kauri a rumfarmu. Duk waƙar da ɗan unguwa ya rera, ana sauke muryar a ajiye a wuri biyu, sannan a rubuta ta a littafin da sunan mai ita da kwanan wata. Wata ɗalibar sakandare ce take riƙe da shi. A zaman nan ta koyi ƙa'idar boko, wata malama daga Katsina tana duba mata ta waya, kuma mun yi shawara a rubuta kowace waƙa sau biyu: shafin dama yadda mai ita ya furta, shafin hagu da daidaitacciyar Hausa. Marsiyyar telan nan tana ciki, da "baki" da "baƙi" ɗinta yadda ya rera su.

Makon jiya wani tsoho da ke zama kusa da masallacinmu, wanda ya daɗe yana wucewa yana kallonmu ba ya cewa komai, ya zo da wata takarda a cikin leda. Ya ciro ta daga adakar mahaifinsa, wanda ya yi karatu a Kete-Krachi. Ajami ne, tawadar ta koma ja, gefen ya cinye. Ya ce ko mutanen cikin wayar nan za su so su ji. Muka ce, "Baba, ai kai muke jira." Aka matsar da gwangwanin sukari gabansa, aka haska masa da fitilar wata wayar, ya rera baiti goma sha ɗaya da wani kari da ban taɓa ji ba, babu wanda ya yi tari daga Yamai har Bronx. A baiti na sha biyu ya tsaya, akwai kalmomi uku da gara ta ci rabinsu. Mun ɗauki hoton wurin mun tura, wani malami a Sakkwato ya ce zai kai wa masu karatun tsofaffin takardu su duba, ya kawo amsa ranar Asabar.